Ɗan haya ko ɗan jinga? Shari'ar masu haƙar kwal da hukumar harajin Amurka

Ɗan Akko:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana. A Amurka an daɗe ana kai ruwa rana tsakanin hukumar haraji ta IRS da ƙananan masu haƙar kwal na tsaunukan gabashin ƙasar, irin ramukan da uba da 'ya'yansa ko 'yan uwa biyu ke riƙe da su. Sau uku maganar tana kai wa Kotun Ƙoli: shari'ar Parsons a 1959, ta Paragon Jewel a 1965, da ta Swank a 1981. A biyun farko masu haƙa suka sha ƙasa, a ta uku suka yi nasara. To duk aikinsu ɗaya ne, ba su da ƙasar, sun zuba kuɗi a injina, kuma ana iya sallamarsu cikin 'yan kwanaki. Ina bambancin yake?

Hajiya Akanta:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a kai ga bambancin sai an san kuɗin da ake faɗa a kansa. Dokar harajin Amurka tana ɗaukar cewa duk tan ɗin da ka fitar daga rami ka cinye wani yanki na uwar kuɗinka, domin kwal ba ya sake tsirowa. Saboda haka ta ba da ragin ƙarewar ma'adini, wanda ake cirewa daga kuɗin shiga kafin a ɗora haraji. Hanya biyu ce. Ta farko, ka raba abin da ka kashe wajen mallakar kwal ɗin da yawan tan ɗin da aka ƙiyasta yana ƙasa, ka ninka da abin da ka sayar a bana. Ta biyu ita ce ta kaso, kuma a kanta ake rigima: kashi 10 cikin 100 na cinikin ramin. A 1932 aka fara ba masu kwal wannan, kashi 5, sai a 1951 aka ɗaga zuwa 10.

Ga misali da lambobi na ƙirƙira don a gane. Rami ya sayar da tan 20,000 a kan dala 50, ciniki dala miliyan 1. Ana biyan mai ƙasa dala 3 a kowane tan, wato 60,000. Wannan sai an fara cire shi, saura 940,000. Kashi goma ya zama 94,000. Amma akwai rufi: ragin ba zai wuce rabin ribar wannan ramin ba. In ribar bayan albashi da man dizal da gyara da tsufan injina ta tsaya a 150,000, to 75,000 kawai za a cire. In shekarar an yi asara, babu ko sisi ta wannan hanya. Yanzu a gwada ta farkon: an sayi hayar a dala 200,000, an ƙiyasta tan 400,000, ke nan rabin dala a kowane tan, bana 10,000. Doka ta ce a ɗauki wanda ya fi yawa. Kuma na kason ba ya tsayawa ko da ka gama mai da duk abin da ka zuba. Muddin kana haƙa kana riba, kana cirewa.

Barista Mai Zaure:
Hajiya ta share fage. Sharaɗin samun ragin kuwa tun 1933 aka kafa shi a shari'ar Palmer da Bender, wadda ta man fetur ce. Abu biyu: ka sa jari a jikin ma'adinin yana kwance a ƙasa, sannan ya zama daga cinikin ma'adinin kaɗai kake sa ran kuɗinka ya dawo. Wanda kawai yake cin moriya ta hanyar kwangila ba ya ciki.

A shari'ar Parsons, 'yan haɗin gwiwa ne a jihar Pensilbaniya masu yaye ƙasa da manyan injina su kwashe kwal ɗin da ke kusa da sama. Asalin sana'ar Parsons ma gina hanya ce. Yarjejeniyarsu da kamfanin Rockhill ta baka ce, ana iya tsinke ta da notis na kwana 10. Ɗaya rukunin, su Huss, nasu a rubuce yake da notis na kwana 30. Mai shari'a Whittaker ya jero dalilai bakwai na hana su, amma in ka matse su uku ne. Kuɗinsu yana cikin injinan da za su iya ɗauka su tafi da su, kuma waɗannan suna da nasu ragin na tsufa. Kwal ɗin, ko bayan an fito da shi, na mai ƙasa ne, ba su da ikon sayar da ko shebur ɗaya. Sannan ladansu yankakke ne a kan kowane tan, daga aljihun mai ƙasa, ba daga kasuwa ba. A taƙaice 'yan jinga ne.

Swank kuwa haya ya karɓa daga ƙaramar hukumar Northumberland a Pensilbaniya. Yana haƙa, kwal ya zama nasa, ya sayar wa wanda ya ga dama a farashin da kasuwa ta bayar, ya biya mai ƙasa kasonsa a kan kowane tan. An haɗa ƙararsa da ta kamfanoni biyu, Black Hawk a Kentaki da Bull Run a Birjiniya ta Yamma. Abu ɗaya IRS ta riƙe: a takardun hayar an rubuta cewa mai ƙasa zai iya soke ta da notis na kwana 30 ba tare da ya ba da dalili ba.

Baba Odita:
Kuma hujjar hukumar ba ta banza ba ce, Barista, kada yara su ɗauka zalunci ne tsagwaro. Mutumin da za a iya kora nan da wata guda, wane haƙƙi yake da shi a kwal ɗin da ke ƙasa? Na kwana talatin kawai. Ranar da farashi ya tashi, mai ƙasa ya aiko da takarda, ya kawo wani da zai biya shi fiye. Ke nan wanda ke da kwal ɗin a zahiri shi ne mai ƙasa. Kuma a Parsons kotun da kanta ta lissafa gajeren notis cikin dalilanta. Ma'aikacin da ya buɗe fayil ɗin Swank ya ga kwana 30, ya buɗe hukuncin 1959 ya ga kwana 30, me kake so ya yi? Masu shari'a biyu, White da Stewart, sun tsaya a kan cewa fassarar hukuma ga ƙa'idarta tana da ma'ana, kuma ba aikin kotu ba ne ta musanya ta da tata. Ni a nan nake.

Barista Mai Zaure:
Ranka ya daɗe, ina girmama ra'ayinka, amma bakwai sun rinjayi biyu, kuma da hujja. Akwai abin da mai shari'a Stevens ya nuna wanda ya karya ƙashin bayan hukumar. A Parsons da Paragon tambayar ita ce wa zai ci ragin, mai ƙasa (ko kamfanin da ya yi hayarta) ko mai haƙa. A Swank hukumar ba ta ce a ba mai ƙasa ba. Cewa take kada kowa ya samu. Mai ƙasar da ke karɓar kasonsa a kan kwal yana da nasa sassaucin daban, ana yi masa haraji mai sauƙi na ribar kadara, don haka ba ya cire ragin kaso. In an hana ɗan haya, sai ya zama an fitar da kwal, ƙasa ta rame, babu wanda ya ci abin da majalisa ta ware. Na biyu, zaton cewa mai ƙasa zai yi kora da zarar farashi ya motsa bai dace da yadda harkar take ba, kuma a waɗannan hayoyi ba a kori kowa ba a shekarun da ake gardama. Na uku, wa ke sa hannu a takardar da ke da sharaɗin kwana 30? Ƙaramin mai haƙa ne wanda ba shi da ƙarfin ciniki. Babban kamfani ba zai yarda ba. Ashe ƙa'idar hukumar talaka kaɗai take cizo.

Injiniyan Rami:
A kan maganar korar nan bari in ƙara wa Barista ƙarfi ta fuskar aiki. Ramukan yankin yawanci ta gefen dutse ake shiga, a bi jijiyar kwal a kwance. Kafin tan na farko ya fito sai an yanka hanya zuwa bakin ramin, an share fuskar dutsen, an kafa fanka mai tura iska, an ja wuta, an sa famfon zuƙe ruwa, an tokare rufi da katako ko ƙusoshin rufi. Ana haƙa ɗaki-ɗaki ana barin ginshiƙan kwal su riƙe dutsen, sai a ƙarshe a janyo baya ana cin ginshiƙan. Wanda ya yi shekara uku a ciki ya san inda rufi ke da laushi, inda ruwa ke tsattsafowa, inda jijiyar ke siranta. In ka kore shi, ya kwashe fankarsa da famfonsa, cikin 'yan makonni ruwa ya taru, rufi ya fara zuba. Sabon mai haƙa zai ci watanni yana gyara, mai ƙasa kuma ba ya karɓar komai a wannan lokaci. Mai hankali zama yake da ɗan hayarsa su ƙara kason da ɗan wani abu.

Amma ni shari'ar da ke ci mini rai ita ce Paragon. A gundumar Buchanan ta Birjiniya, kamfanin ya karɓi hayar filayen, ya gina wurin tacewa da lodi da hanyoyi, sannan ya rarraba wa ƙananan masu haƙa yanki-yanki da baki. Su suka buɗe ramukan da kuɗinsu, suka yi makonni suna fasa dutse kafin su taɓa kwal mai sayuwa, su suka ɗauki haɗarin rushewa. Kuɗin da aka binne wajen buɗe rami ai ba katafila ba ce da za a ɗora a tirela a tafi da ita. Ladan nasu ma ana ɗaga shi ana sauke shi in kasuwa ta canza. Duk da haka aka ce ba su da haƙƙi.

Barista Mai Zaure:
Injiniya, abin da mai shari'a Goldberg ya rubuta ke nan a ra'ayin marasa rinjaye, mai shari'a Black ya goyi bayansa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ma da su ta tsaya kafin Kotun Ƙoli ta juya. Tausayi yana wajensu. Sai dai ka duba: dole su kai duk abin da suka haƙa wurin lodin Paragon, Paragon ke sayarwa, ba su san ma nawa aka sayar ba, kuma ko kamfanin ya ci riba ko ya faɗi sai ya biya su ladan da aka yanka. Canza lada lokaci-lokaci ba rabon ciniki ba ne. Mai noman jinga ko ya fi mai gona shan rana, damin ba nasa ba ne.

Ɗan Akko:
Na fara ganewa. Wato ba a duba wa ya fi wahala, ana duba kwal ɗin na wane ne in ya fito, da wanda faɗuwar farashi za ta buga kai tsaye. To Hajiya, in an wuce wannan matakin, an tabbatar iyalin 'yan haya ne, shi ke nan an huta?

Hajiya Akanta:
Ina! A nan ma aikin masu bincike ke farawa, kuma kasuwancin dangi ya fi kowa ramukan faɗawa.

Na farko shi ne inda haƙa ta ƙare. Kashi goman ana ɗora shi ne a kan darajar kwal a matakin haƙa. Doka ta lissafa abin da ke ciki: wankewa, farfasawa, tankaɗe shi gida-gida, kwantar da ƙura, maganin daskarewa, da lodi. Jigila daga bakin rami zuwa wurin tacewa tana ciki in ba ta wuce mil 50 ba. Amma kuɗin kai wa mai saye kaya har ƙofarsa ba ya ciki, gasa kwal a tanda don masana'antar ƙarfe ma ba ya ciki. Sai ka ga iyali sun sayar a kan dala 62 har da kawowa, 12 na mota ne, suka ɗora kashi goma a kan 62 ɗin gaba ɗaya. Mai bincike zai zare 12 ɗin a kowane tan na shekara uku, ya ɗora kuɗin ruwa.

Na biyu, ciniki tsakanin 'yan gida. Uba na da rami, ɗa na da wurin tacewa ko kamfanin dillanci. In ramin ya sayar wa ɗan da tsada, cinikin rami ya kumbura, ragin ya ƙaru, ribar ɗan ta ragu, a gida ɗaya kuɗin ya kwana. Hukuma tana da ikon watsar da wannan farashi ta sa wanda baƙi ke saye da shi a yankin. Maganinsa a ajiye rasit na abin da aka sayar wa bare, mai irin wannan inganci, a wannan wata.

Na uku ya fi zafi. Sassaucin da Barista ya ambata na mai ƙasa, wanda ya riƙe kwal ɗin fiye da shekara ɗaya, tun bayan gyaran dokar da aka yi a 1984 ba ya aiki in hayar tsakanin makusanta ce: iyaye, 'ya'ya, jikoki, 'yan uwa, miji da mata, ko kamfanin da mutum ke da fiye da rabinsa. Tsoho ya ba kamfanin 'ya'yansa hayar filinsa, ya ci gaba da rubuta kasonsa a matsayin ribar kadara, sai takarda ta zo.

Akwai kuma siffar rajista. In cikakken kamfani ne mai biyan harajin kansa, ana zaftare kashi 20 cikin 100 na abin da ragin ya haura ragowar jarin. A misalina na sama, in an riga an cinye jarin, 75,000 ta koma 60,000.

Baba Odita:
Hajiya ta manta da rufin rabin riba. Rami-rami ake lissafa shi, sai in an zaɓi haɗa su tun farko yadda doka ta tanada. Iyali mai rami biyu, ɗaya na riba ɗaya na asara, sai su tura albashin ofis da gyaran motoci duk kan mai asarar don ribar ɗayan ta yi ƙiba. Wannan shi ne abu na farko da ake dubawa. Littafin sikeli da takardar albashi su ke tona asiri, domin ba yadda za a yi ramin da ya fitar da kashi tamanin na kaya ya ɗauki kashi goma na dizal.

Hajiya Akanta:
Gaskiyarka Baba, na tsallake.

Injiniyan Rami:
Kada kuma a manta ba harajin riba kaɗai ke hawa kan kwal ba. Tun 1978 akwai na kowane tan wanda ke tafiya asusun masu ciwon baƙin huhu: a yanzu dala 1.10 a kan na ƙarƙashin ƙasa, 0.55 a kan na sama, amma kada ya wuce kashi 4.4 cikin 100 na farashin. Duk wata uku ake cika takardarsa. Wanda ke biya shi ne wanda kwal ya zama mallakarsa a daidai lokacin da aka ɓamɓaro shi, don haka tambayar ɗan haya da ɗan jinga ta sake dawowa ta bayan gida. Wanda ya ce wa hukuma kwal nasa ne don ya ci kashi goma, ba zai juyo ya ce ba nasa ba ne ranar biyan 1.10. Wurin gardama na biyu nauyi ne. Kwal ɗin da aka wanke yana ɗauke da ruwan da ba nasa ba, kuma an yarda a cire wannan ƙarin danshi, amma sai da gwajin ɗakin bincike, ba ƙiyasin baki ba.

Ɗan Akko:
Barista, in takardar ta zo, mene ne matakai?

Barista Mai Zaure:
Bayan bincike ana aiko da wasiƙa mai ba da kwana 30 a kai kuka sashen sasanci na cikin hukumar. In ba a daidaita ba sai takardar giɓin haraji, wadda ke ba da kwana 90. Ƙofa biyu ce daga nan. Ko ka shigar da ƙara Kotun Haraji cikin kwanakin nan ba tare da ka biya ba, ko ka biya duka ka nemi a mayar maka. Duka fa, ba rabi ba, haka Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Flora a 1960. Neman mayarwar sai cikin shekara 3 daga shigar da takardar haraji, ko shekara 2 daga biya, wanda ya fi nisa. In sun ƙi, ko suka yi shiru wata 6, sai kotun tarayya. Paragon ta Kotun Haraji ta bi. Swank biya ya yi ya nemi kuɗinsa a Kotun Da'awa, ya yi nasara a 1979, gwamnati ta ɗaukaka.

Wa'adin nan ba wasa ba ne. A 1998 wata kotun tarayya a Birjiniya ta ce harajin tan ɗin da Injiniya ya faɗa ba ya hawa kan kwal ɗin da aka fitar waje, domin tsarin mulkin Amurka ya hana ɗora haraji a kan kayan fitarwa. Kamfanin Clintwood Elkhorn da wasu suka karɓi na 1997 zuwa 1999 ta hanyar da aka saba. Na 1994 zuwa 1996 kuwa wa'adi ya wuce, sai suka zagaya ta wata doka mai ba da shekara 6. A 2008 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta ce a'a. Harajin haramtacce ne, kowa ya yarda, amma ba ku nema a kan lokaci ba. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman a ƙarshen shekarar kafin aka buɗe ƙofar mayar da tsofaffin kuɗin.

'Yar Agadas:
Sannunku da ƙoƙari. Yaya Barista, shin wani abu daga wannan yana aiki a wajenmu? Mu nan kwal ɗin Anu Araren kamfanin SONICHAR ne ke haƙa, gwamnati ce babbar mai jari, babu maganar iyali.

Barista Mai Zaure:
Ƙanwata, tushen ya bambanta. A Amurka mutum yana iya mallakar abin da ke ƙarƙashin filinsa, shi ya sa ake da mai ƙasa da ɗan haya da ɗan jinga, kowa na jan ragin. A Nijeriya sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 ta maimaita, lasisi kuma daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja yake fitowa. Mai gona a Maiganga ko Okaba, inda ake haƙar kwal, diyya ce tasa da kuɗin amfani da filin, ba kason kwal ba. A Nijar ma na ƙasa ne. Don haka kada wani ya ɗauki hukuncin Swank ya nufi kotu da shi a nan.

Baba Odita:
To mu koma inda muka tsaya, domin ban sauka ba. Na yarda hukumar ta janye a 1983, ta fitar da matsaya cewa gajeren notis shi kaɗai ba ya hana ragi. Amma ku lura da "shi kaɗai". Bai fita daga ma'auni ba. Takardar da ta haɗa notis na kwana 30 da sharaɗin cewa dole a sayar wa mai ƙasa, a farashin da shi zai yanka, ko an rubuta mata "haya" da manyan baƙaƙe a sama, Paragon ce za ta hau kanta ba Swank ba.

Hajiya Akanta:
Wannan kam babu musu. Kuma akwai masu tsaka-tsaki da har yau ke wahalar da akantoci: an ce dole ka sayar wa mai ƙasa, amma farashinka kashi kaza ne na abin da shi ya sayar, kuma in ya ƙi karɓa kana iya kai wa wani. A irin wannan abin da za a nema a fayil shi ne layin da ya faɗi lokacin da mallaka ke komawa hannun mai haƙa, takardun watannin da farashi ya faɗi don a ga wa ya ɗauki asarar, da ko an taɓa sayar wa bare ko sau ɗaya. Injiniya, a ramukan da ke aiki da irin wannan tsari, a wane sikeli ake auna kayan, na bakin rami ko na wurin tacewa?

Injiniyan Rami:
Yawanci na wurin tacewa, Hajiya, kuma a kan tataccen tan ake biya, bayan an cire dutse da laka. Ɗanyen kaya yana iya zubar da kashi ɗaya cikin uku ko ma rabin nauyinsa a wanki, ya danganta da jijiyar. Don haka a nemi takardun sikeli biyun, da rahoton gwajin toka da danshi na kowane lodi, a ga a wane mataki sunan mai kaya ya canza a kan tikitin.